Fedar da Lucius Ya Ƙi Zuba wa Mai

Ina zaune a shagon Bernice, kaina cikin injin busar da gashi, na ji mijina yana kaɗa ganga a rediyo. Shekararsa goma sha ɗaya a kabari.

Na ture injin gefe, na ce, "Bernice, ƙaro muryar abin nan."

Ta ce, "Ozella, mayar da kanki ciki, gashinki bai bushe ba."

"Ki ƙara, ko sai na taso da kaina?"

Ta ƙara. Irin kiɗan yaran yanzu ne, wanda suke cakuɗa jaz ɗinmu na da da gambararsu. Fiyano na tafiya a hankali, ƙaho na leƙowa yana komawa, wata yarinya kuma tana magana a kai. Ba rerawa take yi ba, magana ce, amma kowace kalma tana sauka a kan kiɗan kamar an auna mata wuri. A ƙarƙashin wannan duka akwai ganga, ɗan guntun kiɗa da aka yanko daga tsohon faifai ana ta maimaita shi. Kuma kafin kowane bugu na babbar ganga sai a ji wani ɗan kuka, ƙiii, kamar ƙyauren ɗakin girki.

Na san kukan nan. Shekara arba'in da huɗu ina zaune da shi a gida ɗaya. Fedar mijina Lucius ce, ƙarfen da yake takawa da ƙafar dama ya bugi babbar ganga. Tun ranar da ya saye ta a gwanjo take kuka. Na miƙa masa man keken ɗinkina ya fi sau ɗari, kullum amsarsa ɗaya ce: "Bar ta, Zell, hira muke yi."

Da kiɗan ya ƙare, mai rediyo ya ce wata ƙungiya ce ta nan kudancin Chicago mai suna Ruwan Tafki, kuma gangar da muka ji ta tsohon makaɗin nan ce, Cleophus Gaines, shi aka yi wa waƙar.

Na miƙe tsaye da tawul a wuya. Bernice ta ce, "Ke, ina za ki da rabin kai a jiƙe?"

Na ce, "An sake yi masa sata. Sau biyu ke nan."

Ga yadda ta farko ta kasance. Lucius a masana'antar ƙarfe yake aiki, Asabar da Lahadi kuma ya yi kiɗa. A zamaninmu ba ka shiga situdiyo a ɗauki kiɗanka sai kana da katin ƙungiyar makaɗa, kuma wanda ke gwada mutane kafin a ba su katin sai ya ajiye maka takardar kiɗa ya ce ka karanta. Lucius da kunne ya koya. Karatunsa kamar nawa ne, aji uku a Mississippi, daga nan sai gonar auduga. Amininsa Cleophus shi ma makaɗin ganga ne, shi yana karanta takarda, yana da kati.

Wata Asabar a 1969, da hantsi, Cleophus ya zo gidanmu da hannun hagu a naɗe da bandeji. Ya ce an kira shi ɗaukar faifai yau da rana, ga shi ya ƙone da ruwan zafi. Ya ce Lucius ya je a madadinsa, ya amsa sunan Cleophus idan an tambaya. Haka ake yi a lokacin, kowa ya sani, ba mai faɗa. Lucius ya je, ya kaɗa. Wannan ne faifai ɗaya tak da ƙafar mijina ta taɓa shiga. Da ya fito, na bi bayan kwalin da yatsa har na kai inda aka sa mai ganga. Cleophus Gaines.

Lucius dariya ya yi. Ya ce idan aka tona, za a ƙwace katin Cleophus, shi kuma da me zai ciyar da iyalinsa? Ni ban yi dariya ba. Mutum ya zauna gida da ƙuna, wani ya yi gumi, sannan a rubuta sunan mai ƙuna? Daga ranar na daina gaishe shi. A coci in ya zauna dama, ni hagu. Ranar jana'izar Lucius ya zo, yana kuka kamar mace ta rasa ɗa. Na zuba wa kowa abinci, kaza da ganye da burodin masara, na tsallake shi. Ya gani, kowa ya gani. Ban ji komai a raina ba.

Bernice ta duba a wayarta ta gano inda yaran suke gwaji, wani tsohon shagon wanki ne da suka mayar ɗakin kiɗa. Ranar Laraba da rana na ciro fedar daga saman kabad, inda take naɗe cikin rigar matashin kai, na hau bas.

Na tura ƙofa ban yi sallama ba. Su biyar ne. Na ce, "Wane ne ɓarawon a cikinku?"

Kiɗa ya tsaya. Wani ƙato mai gemu ya taso daga bayan ganguna, ya cire hula. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mama. Sunana Marquis. Me aka sace?"

"Mijina."

Mai fiyano ya ce ƙasa-ƙasa, "Marquis, ashe har ka kai nan?"

Na ce, "Kai mai baki, akwai uwarka a raye? To ka gode wa Allah ban san gidanta ba, da yau na kai mata ƙararka."

Marquis ya jawo mini kujera, na ƙi zama. Na faɗa musu abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya je ya ɗauko kwalin faifan, duk gefensa ya cinye. Ya ce a cikin kwandon tsofaffin kaya ya tsince shi. Ya ce, "Mama, mu ba ma ɗaukar kiɗan kowa mu ɓoye sunansa. Duk wanda muka yanko, sai mun ambace shi. Ga abin da aka rubuta."

Na ce, "Takarda ba ta ƙarya ne? Ai wanda ya rubuta ta ya iya."

Sai yarinyar da ke tsaye gaban abin magana ta matso. Siririya ce, doguwa, da kitso har gadon baya. Muryar da na ji a rediyo ce. Ta ce, "Mama, sunana Jaleesa. Cleophus Gaines kakana ne."

Sai a lokacin na ga goshin. Goshinsa ne sak.

Ta ce yana gidan kula da tsofaffi shekara uku ke nan, tunaninsa yana zubewa. Wata rana ya kira ta da sunan mahaifiyarta, wata rana ya tambaye ta ko ita ce mai kawo magani. Ta ce da Marquis ya tsinci faifan ta kai masa ta kunna, sai ƙafarsa ta fara motsi a kan keken guragu, hawaye na zuba. Ta ce, "Rabon da in ga kakana a cikin jikin nan har na manta. Shi ya sa na rubuta waƙar."

Na ce, "Ya yi kuka don ya san ba nasa ba ne."

Bakina ya riga ni. Na ga maganar ta shige ta. Amma ban janye ba, ban saba ba.

Na warware rigar matashin, na miƙa wa Marquis fedar. Na ce, "Ɗaura."

Ya durƙusa ya cire tasa mai ƙyalli, ya ɗaura tsohuwar. Ya zauna, ya taka. Ƙiii, dum. Ya sake takawa. Ƙiii, dum.



Jaleesa ta ce, "Kowace tsohuwar feda ai tana kuka."

Marquis ya girgiza kai. Ya ce, "A'a, Jay. Feda uku na saya don in samu kukan nan. Ɗaya har a ruwan sama na bar ta sati biyu ta yi tsatsa, ban samu ba." Ya kunna faifan, ya taka tare da shi. Kukan biyu suka hau kan juna suka zama ɗaya, ba ka raba na jiya da na yau.

Sai na ga ƙaton nan yana shafa ƙarfen da babban yatsa, daidai inda takalmin Lucius ya suɗe shi. Ya ce, "Mama, ya sunansa?"

"Lucius Tibbs."

Ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗanawa. Shekara hamsin da huɗu ban ji wani makaɗi ya faɗi sunan nan haka ba. Sai na zauna a kujerar da na ƙi ɗazu.

Na ce, "Na ji ranar Lahadi za ku yi wasa a filin shaƙatawa. Na san al'adarku, ai tamu ce kuka gada. Kafin a tashi ana kiran sunan kowane makaɗi ɗaya bayan ɗaya, mutane su tafa. A kira nasa. Shi ke nan abin da na zo nema."

Jaleesa ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Ranar Lahadi za a kawo Kaka. Rabonsa da fita tun bara. So kike in tsaya gaban jama'a in tuɓe masa abu ɗaya da ya rage masa?"

Na ce, "Nawa mijin ya mutu ba a taɓa sa masa ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Marquis ya roƙe ni in bar masa fedar, yana so ya kaɗa guntun kiɗan nan da ƙafarsa ranar Lahadi maimakon faifai. Na ce fedar ba ta kwana a waje. Inda za ta je, nan zan je.

Lahadi bayan coci na tafi da hulata ta zuwa sujada, fedar a jaka. Rana ta yi kyau, iska na tasowa daga tafki, mutane sun shimfiɗa barguna, ana gasa nama. Na ba Marquis fedar hannu da hannu. Na riga na shirya: idan aka gama kiran sunaye ba a kira Lucius ba, zan miƙe in kira shi da kaina, muryata ba ta buƙatar abin magana.

An ajiye mini kujera a layin gaba. Ko wane ne ya jera kujerun, ko dai bai san komai ba, ko ya sani sarai, don kusa da keken Cleophus aka sa ni.

Da ba don goshin ba da ban gane shi ba. Mutumin da ke cika ƙofa ya koma kamar tsumma a kan igiya. An sa masa kwat da ta yi masa yawa, an rufa masa bargo a cinya. Ya dube ni, ya wuce da idonsa kamar ya ga itace. Na yi shekara hamsin ina tanadin abin da zan faɗa masa, ga shi babu kowa a gidan da zan ƙwanƙwasa.

Suka yi kiɗa huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, yaran sun iya. Mai bakin nan na fiyano ma, hannunsa ya fi bakinsa hankali. Cleophus yana ta gyangyaɗi.

Sai aka zo kan namu. Marquis ya sunkuya ya canza feda, ya ɗaga kai ya dube ni, ya taka. Ƙiii, dum. Ya riƙe kiɗan shi kaɗai, a natse, yana ɗan jan ƙafa a baya kamar yadda Lucius ke yi, kamar mai dawowa daga aiki a gajiye amma yana jin ƙanshin girki. Jaleesa ta kama abin magana da hannu biyu. Ta fara waƙarta, tana maganar hannuwan da suka ɗauke ta tana jaririya. Ban san abin da ta yanke ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Sai bargon da ke kusa da ni ya motsa. Cleophus ya ɗaga kai, ya karkata kunne. Ya buɗe baki da wata murya da ban san tana nan ba:

"Lucius! Don Allah ka zuba wa abin nan mai!"

Mutanen layin gaba suka fashe da dariya. Jaleesa ta tsaya cak a tsakiyar baiti. Makaɗan ba su tsaya ba, ba a tsayawa, suka rage sauti suka ci gaba da maimaita kiɗan.

Cleophus ya juyo gare ni. Wannan karon ya gan ni. Ya ce, "Zell, har yanzu ba ki shawo kansa ba? Ke da keken ɗinki a gida?"

Na ce, "Ka san taurin kansa." Ban san daga ina amsar ta fito ba.

Ya yi dariya, ya kamo hannun rigata ya jawo ni. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya juya shi gaba da baya, ya kashe mini ido. Ya ce a kunnena, "Kar ki faɗa masa. Hannun nan lafiyarsa ƙalau. Bandejin kawai na naɗa. In ba haka ba ba zai karɓa ba, kin san shi. Ji ƙafar nan, Zell. Ni ina zan iya wannan? Ai zunubi ne a ce ba a ɗauka ba."

Cleophus ma ba a sake kiransa situdiyo ba bayan wannan ranar. Na san haka, na daɗe da sani, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Kira ɗaya ya samu a rayuwarsa, ya naɗe lafiyayyen hannu ya kawo mana har gida. Ni kuma na hana shi farantin abinci a gaban gawar amininsa.

Jaleesa ta sauko daga dandamali da abin maganar, ta durƙusa gaban keken. Ta ce, "Kaka, wa ke kan gangar nan?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ko ruwa na da laima. Ya ce, "Lucius Tibbs mana! Duk kudancin garin nan wa ke da ƙafa irin wannan?"

Ta cikin lasifika ya fita, har masu gasa nama suka ji. Marquis ya ɗaga sandar kiɗa sama ya yi ihu, "Lucius Tibbs a kan ganga!" Filin ya ɗauki tafi. Mai ƙaho ya busa wani abu mai tsawo. Yara ƙanana da ba su san ko wane ne ba suna tsalle suna faɗin sunan.

Jaleesa ta miƙo mini abin maganar, fuskarta jage-jage. Na karɓa. Duk abin da na tanada ya gudu. Kiɗan yana ta tafiya a ƙasa, sai na ji maganata tana hawa kansa da kanta. Na ce, "Wannan ƙafar mijina ce. Wannan kuma da ke zaune, shi ya buɗe masa ƙofa. Cleophus Gaines. Ku tafa masa, ku tafa da kyau, kar ku yi mini tafin yunwa."

Suka tafa. Cleophus ma ya tafa, yana waige-waige ya ga wa ake yi wa.

Bayan an tashi na faɗa wa Jaleesa zancen bandejin. Ya ce kar in faɗa wa Lucius, bai ce kar in faɗa wa jikarsa ba. Ta zauna a ciyawa ta yi kuka mai isarta, na bar ta, sannan na ce ta tashi kar ta ɓata farin wando. Na kuma ce mata maganar da na yaɓa mata ranar Laraba ba ta dace ba. Ban iya ba da haƙuri ba, wannan ne iyakar abin da na iya, ta kuwa karɓa.

Ta sake rubuta waƙar. Yanzu mutum biyu ne a ciki. Da za su buga sabon faifan, na ce sai na ga kwalin kafin a kai, don na san halin takarda. Marquis ya kawo mini har gida. Na sa tabarau na bi da yatsa, harafi bayan harafi. Ganga, Lucius Tibbs. Na sa ya karanta mini da baki kuma, ko idona ya yaudare ni. Su suka ce in rubuta yadda abin ya faru a sa a ciki, shi ne wannan. Jaleesa ta gyara mini inda haruffa suka karkace, amma na hana ta taɓa maganata.

Fedar tana wurin Marquis. Abin kiɗa ba na saman kabad ba ne. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, ya kuma rantse: ranar da ya ɗiga mata mai, ranar zan zo in karɓi abata.

Kowace Laraba ina hawa bas in je gidan tsofaffin da faranti a rufe, kaza da ganye da burodin masara. Naman sai na yayyanka masa ƙanana. Yawancin ranaku bai san ni ba, yana ce mini Malama, yana godiya kamar baƙo. Amma wani lokaci yana cikin ci sai ya tsaya, ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Zell, ya zuba man kuwa?"

In ce, "Bai zuba ba, Cleo. Ci abincinka."